Ƙidayar Dashe da Ƙidayar Bishiya: Darajar Manyan Itatuwan Gona a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta duba tazarar da ke tsakanin yawan itatuwan da ake dasawa kowace damina a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar, da yawan waɗanda ke kaiwa girman da za a more su. Hujjarta ita ce mafi yawan amfanin bishiya yana zuwa ne bayan ta manyanta, saboda haka sare gawo guda mai shekara 60 asara ce da dashe dubu ba za su rama ba a rayuwar wanda ya sare shi. An dogara da binciken da aka wallafa kan gawo da kaɗanya da kuka, da abin da ya faru a kwarin Majiya da ƙasashen Maraɗi da Damagaram, da kuma gonakin kewayen Kano. Takardar ta nuna cewa sanin mai bishiya ya fi kuɗin da aka kashe ranar dashe tasiri wajen rayar da ita, sannan ta jawo hankali ga yarjejeniyoyi biyu na fiƙihun Malikiyya, mugarasa da musaƙa.

1.0 Gabatarwa



Wanda ya tare a-daidaita-sahu a Kano ya ce a kai shi Kurna, ko Ɗorayi, ko Giginyu, ko Tsamiyar Boka, da wuya ya tuna cewa sunayen itatuwa yake kira. Haka mai zuwa Gawon Nama a Sakkwato, ko Rimin Gado, ko Kanya Babba, ko Kukawa ta Shehu Laminu da aka kafa a 1814. Kafin wuri ya ci sunan bishiya, sai ta daɗe a tsaye har fatake sun saba ya da zango a gindinta, mahauta sun kafa rumfa, masu kwatance sun riƙa cewa "in ka kai kukar nan, ka yi dama". Ban san garin da aka sa wa sunan dashe ba. A yawancin unguwannin da na lissafa, sunan ya rage, bishiyar ta tafi, kuma ba a bar wata a gurbinta ba.

Duk da haka, in aka zo maganar kwararowar hamada, dashe muke ƙirgawa. Rahotannin ma'aikatu cike suke da adadin da aka raba da wanda aka dasa. Adadin da ya rayu ya kai shekara 10 kuwa, ba kasafai ake cin karo da shi ba. Wannan takarda tana kan wancan adadi na biyu ne, da dalilin da ya sa shi ne ya cancanci a sa wa ido.

2.0 Abin da shekaru ke ƙara wa bishiya

Masana gandun daji sun daɗe suna zaton bishiya tana saurin girma ne a ƙuruciya, in ta tsufa sai ta ja baya. A 2014 Nathan Stephenson da abokan aikinsa suka wallafa wani nazari a mujallar Nature, bayan sun tattara ma'aunin itatuwa 673,046 na nau'i 403 daga nahiyoyi daban-daban. Suka tarar cewa a mafi yawan nau'o'in, nauyin da bishiya ke ƙarawa a shekara yana hauhawa ne yayin da take ƙara kauri. Har ma akan sami ƙatuwar bishiya guda da ke ƙara wa jikinta, a cikin shekara ɗaya, sinadarin kabon da ya kai na matsakaiciyar bishiya sukutum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ko da kowane ganye ya rage kuzari, yawan ganyen babbar bishiya ya ninka na ƙarama sau ɗaruruwa. A 2018 kuma James Lutz da wasu suka auna filayen bincike 48 a dazuzzukan duniya, suka ga cewa kashi 1 cikin 100 na itatuwa mafiya kauri su ne ke riƙe da kusan rabin nauyin itacen da ke tsaye.

Waɗannan alƙaluma na kurmi ne, mu kuwa itatuwanmu a gona suke, jefi-jefi a tsakanin gero da dawa. Manomin Gumel ko Matamai bai damu da kabon ba. To amma in aka dawo ga abin da ya dame shi, maganar ba ta sake ba, kuma gawo ne babban shaida.

Gawo yana yin abinsa ne a juye. Da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganye, ya tsaya tsirara duk damina, sai kaka ta yi sannan ya yi toho. Don haka ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar kuma yana ruɓewa daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Saiwarsa tana nutsewa ƙasa sosai, mita 20 ko fiye a wasu wurare, ta sha daga ruwan da shuka ba ta kai gare shi. Yana cikin dangin itatuwan da ke kama sinadarin naitirojin daga iska. Da rani, lokacin da komai ya bushe, shi ne ke da inuwa, shanu da tumaki su kwanta a gindinsa su bar taki. 'Ya'yansa suna zuba a ƙarshen rani zuwa bazara, daidai lokacin da harawa ta ƙare, kuma duk mai kiwon turka ya san a kasuwa ake auna su.

A tashar bincike ta Bambey da ke Senegal, Charreau da Vidal sun bayar da rahoto a 1965 cewa geron da ke ƙarƙashin gawo ya ba da kimanin ninki biyu da rabi na wanda ke fili. A tashar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, Vandenbeldt da Williams sun nuna a 1992 cewa ɗan ragowar inuwar rassansa yana rage zafin saman ƙasa har zuwa digiri 10 a farkon damina, lokacin da ƙasa ke ƙona tsiron gero. Gaskiya ne akwai masu cewa ba gawo ne ya gyara ƙasar duka ba, wani lokaci shi ma ya dace ne da wuri mai albarka, kamar tsohon suri, shi ya sa ya girma. An yi wannan muhawara a Sadore ɗin, kuma tana da hujja. Sai dai ba ta kore takin dabbobi da ganyen da ake gani da ido suna taruwa shekara bayan shekara ba.

Abin da aka fi tsallakewa in ana yabon gawo shi ne lokaci. Peter Poschen, wanda ya yi aiki a kansa a gabashin Habasha, ya ƙiyasta a 1986 cewa sai ya shekara 20 zuwa 40 kafin ya kai girman da zai ɗaga amfanin gona yadda za a gani. Wanda ya bar ɗan gawo a gonarsa yana da shekara 40, ɗansa ya yi wa aiki. Wanda ya sare babba ya yi turmi ko gawayi, ya cinye aikin kakansa a kasuwa ɗaya. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani ƙwarai a kan duk wanda ya sare gawo. Ba ina yabon tsananin ba ne, amma yana nuna cewa masu mulkin wancan zamani sun san abin da ake rasawa.

Kaɗanya ta fi gawo jan rai. Wadda ta fito da kanta takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ba ta cika haihuwa sai ta doshi 40 ko 50, sannan tana iya ci gaba har fiye da shekara 200. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗanya bisa alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma kusan duk wannan arziki daga itatuwan da ba wanda ya dasa yake fitowa. Manoma ne suka tarar da su suka ƙyale. Man kaɗen da mata ke kaiwa kasuwa a Neja da Kebbi da Kwara yau, daga itatuwan da suka tsiro kafin a haifi masu sayar da shi yake. Itacen kaɗanya kuma yana da nauyi, yana yin gawayi mai kyau, abin da ya zame mata masifa ke nan. Buhunan gawayin da take bayarwa sau ɗaya tak ne.

Kuka kuwa ita ce dattijuwa. Adrian Patrut da abokan aikinsa sun auna shekarun manyan kukokin Afirka, suka sami wadda ta haura shekara 2,400 a Zimbabuwe. A 2018 suka sanar cewa 9 daga cikin 13 mafiya tsufa sun mutu, ko manyan sassansu sun rushe, a cikin shekara 12 kacal. A kudancin Afirka abin ya faru, kuma sun fi zargin ƙarin zafi da fari. Na kawo shi ne don mu daina ɗaukar cewa tsohuwar bishiya tana nan har abada don kawai mun tashi mun gan ta.

3.0 Ranar dashe da watan Maris

Na taɓa halartar bikin ƙaddamar da dashe a wata ƙaramar hukuma. An kafa rumfuna, an jera kujeru, 'yan makaranta sun yi layi, babban baƙo ya durƙusa ya sa dashen farko aka miƙa masa buta ya zuba ruwa. An ce an dasa dubbai. Da na sake bi ta wurin a watan Maris, allon sanarwa na tarar da ramuka, sai wasu 'yan tsiraru da wani mai gida na kusa ya kewaye da ƙaya saboda suna daf da katangarsa. Waɗannan 'yan tsirarun su suka sa ni rubuta wannan takarda.

Dalilan mutuwar dashe sanannu ne. Kuɗi ba ya fitowa sai damina ta yi nisa, sai a dasa a watan Agusta, saura makonni kaɗan ruwa ya ɗauke. Dashen ya daɗe a leda har saiwarsa ta naɗe, ba ta iya nutsewa. Daga nan sai wata 7 ko 8 ba ɗigon ruwa. Da an yi girbi a saki dabbobi, akuya kuwa ba ta ga wani kore a filin ba sai shi. Abin da akuya ta bari gara ta ƙarasa. Sama da duka, ba na kowa ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar dashe muke fara tunanin wa zai ba shi ruwa.

Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A ranar 11 ga Nuwamba 2019 Turkiyya ta dasa itatuwa miliyan 11 a yini ɗaya. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da daji ta ƙasar ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ta duba sun mutu, gwamnati ta musanta. Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, an fara zana ta ne a matsayin ɗamara mai tsawon kusan kilomita 8,000 da faɗin kilomita 15 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna hekta miliyan 4 aka gyara a cikin yankin da aka shata. Nijeriya ta kafa hukumarta ta wannan aiki a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada. Abin a yaba ne cewa masu shirin sun sauya tunani daga layin itatuwa guda zuwa gyaran gonaki da makiyaya, amma har yanzu adadin dashe ne ke fitowa a kanun labarai.

Kada a fahimce ni cewa dashe ba ya yi. A kwarin Majiya da ke yankin Tawa, ƙungiyar CARE da ma'aikatar daji ta Nijar sun fara dasa darbejiya a 1975, layi bibbiyu, tazarar mita 100 tsakanin kowane jeri, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Aikin ya kama, aka sami ɗaruruwan kilomitoci na shinge, kuma awon da aka yi ya nuna ƙarin gero na wajen kashi 20 cikin 100 a bayan shingen. Amma a duba abin da ya sa ya kama. Ruwan ƙasa a kwarin ba shi da nisa. An ɗauki masu gadi, aka hana dabbobi shiga har itatuwan suka fi ƙarfin baki. An kuma jira kimanin shekara 10 kafin a fara saran rassa a raba. Kuɗin gadi da haƙurin shekara 10 su ne ba sa shiga kasafin da ake rufewa a watan Disamba.

Akwai wani labari daga Suwidin da nake son ɗalibai su sani. Daga 1831 aka dasa dubban ɗaruruwan wani itace mai tauri da suke kira ek a tsibirin Visingsö, domin sassaƙa jiragen ruwan yaƙi. A 1975 aka sanar da rundunar ruwa cewa katakonta ya nuna. Jiragen ƙarfe sun daɗe da maye gurbin na katako, dalilin dashen ya mutu, amma dajin yana nan, ana cin moriyarsa ta wasu hanyoyin da masu dashen ba su taɓa tunani ba.

4.0 Maraɗi da Damagaram: itatuwan da ba a dasa ba

Mafi girman ƙaruwar itatuwa da aka gani a yankin Sahel a zamaninmu a ƙasar Hausa ta faru, kuma ba daga leda ta fito ba.

Sai an koma baya kaɗan. Dokar daji ta Faransa ta 4 ga Yuli 1935 ta mayar da itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Dokar Nijar ta 1974 ta bi sawu, ta jera nau'o'in da aka haramta taɓawa, har da gawo. Nufin kariya ne, sakamakon kuwa akasin haka. Manomi ya gane cewa in ɗan gawo ya girma a gonarsa, ya jawo wa kansa jami'in daji da tara, ko reshe ba zai sara ba sai da takarda. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa ke nan. Sai ya riƙa share tsiron tun yana ƙarami lokacin sassabe. A gefe guda malaman gona na koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, suka tarar da gonaki a tsiraice.

Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya sha fama da dashen da ke mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirrai da ke ko'ina a gonaki, waɗanda ake sarewa a ƙone duk shekara, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi aka datse sauran, sai su miƙe da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba, domin tsohuwar saiwa ce ke shayar da su. Da tsohuwar zuma ake magani. Wannan dabara ita ake kira sassabin zamani, ko da yake ba sabuwa ba ce ga manoma, an dai hana su ne aka kuma kushe ta. A yunwar 1984 aka haɗa ta da shirin aiki don abinci, aka kare itatuwa kimanin 500,000. Da rabon abinci ya ƙare, manoma suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Rinaudo da kansa yake faɗin haka, kuma ina ganin wannan shi ne sashe mafi amfani a labarin: abin da aka yi don buhun hatsi ya tafi tare da buhun. Waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki da abincin dabbobi da raguwar iska a kan shuka, maƙwabta suka gani, abin ya bazu daga gona zuwa gona.

A daidai lokacin ƙarfin jami'an daji ya ragu saboda matsin tattalin arziki da sauye-sauyen siyasa, manoma suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Doka ta biyo baya: dokar karkara ta 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sai kuma dokar Yuli 2020 da ta tsara wannan sana'a ta rainon toho ta kuma amince da haƙƙin mai yin ta. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta yankin Agye, mutane suka kafa kwamitocin sa ido da suka haɗa da mata da makiyaya, don hana saran dare. Binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij a 2006 ya tarar da kimanin hekta miliyan 1 a Magarya da Matamai da Mirya cike da ƙananan gawo. Reij da Gray Tappan, da suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a faɗin kudancin Nijar, da ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara. Adadin hatsin ƙiyasi ne, kuma dawowar ruwan sama bayan shekarun 1980 ta taimaka. Amma ruwa ɗaya ne ke sauka a ɓangarori biyu na kan iyaka, kuma hotunan sun nuna bambanci a wurare da dama.

Sai dai sassabin zamani yana da iyaka. Abin da ke da saiwa a ƙasa shi yake dawowa: sabara, kalgo, taramniya, magarya, aduwa, gawo. Inda ɗorawa ko kaɗanya ko maɗaci suka ƙare ƙurmus, babu kututturen da za a raina. Nan ne dashe ke da gurbinsa na gaskiya.

5.0 Tsofaffi ba magada

Gonakin kewayen Kano sun daɗe suna ƙaryata masu cewa yawan jama'a ne ke cinye itace. Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole da abokan aikinsu sun nuna a 1990 cewa manoman wannan yanki mai cunkoso suna tattalin itatuwan gonarsu, itacen girkin birni kuwa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo mafi yawansa. Muhammad Usman da Janet Nichol sun sake dubawa a 2018 suka tarar yawan itatuwan ma ƙaruwa ya yi. Amma da aka tambayi wane iri ne ya ƙaru, darbejiya ce a gaba, baƙuwar da aka shigo da ita Borno a 1928, yayin da da yawa daga itatuwan gida ke ja baya.

Ba ni da faɗa da darbejiya. Ta rufa mana asiri a inuwa da itacen girki da jigon ɗaki. Amma ba ta kalwa, ba ta miya, ba a daɓe da makubarta. In mutum ya bi hanyar ƙauye ya lura da ɗorawa, zai ga duk manya ne, masu kaurin da mutum biyu za su runguma. Ina 'yan shekara 5, ina 'yan 15? Haka kuka, haka tsamiya, haka kanya. Garin da ba a haihuwa, komai yawan dattawansa, an san inda ya dosa.

Sanadin yana hannunmu. Da can ana barin gona ta huta, a cikin saura tsiro ke samun shekarun da zai fi ƙarfin fartanya; yanzu ba saura. Garmar shanu da tarakta ba sa kewaye ɗan tsiro yadda mai noman hannu ke yi. Kalwa ana tsince ta tas saboda daddawa tana kuɗi, ƙwarar kaɗanya ma haka. Kuka ana aske mata ganye duk shekara har ta kasa fure. Giginya kuwa muna cin 'ya'yanta tun suna muruci, muna sare iyayen mu yi azara, alhali sai ta yi shekaru da dama kafin gangar jikinta ta yi taurin da gini ke so. A wasu wuraren kuma kasuwar waje ce ta shigo: maɗobiya an kwashe ta daga Taraba da maƙwabtanta zuwa Sin da yawan da ya sa aka saka ta a jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya tun daga Janairu 2017.

Ma'aunin da nake ba da shawara a nan mai sauƙi ne. A daina karɓar adadin dashe a matsayin sakamakon aiki. A ƙirga abin da ke tsaye bayan rani na 3 da na 5, a kuma rarraba itatuwan kowace gunduma bisa iri da kauri, don a ga inda tsara ta yanke. Kayan aikin suna nan: a 2020 Martin Brandt da abokan aikinsa sun ƙirga itatuwa fiye da biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya, a faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, ta hotunan tauraron ɗan'adam. Hoto ba zai bambance ɗorawa da darbejiya a ko'ina ba, amma mai unguwa da ɗalibi guda da igiyar awo za su iya.

6.0 Bishiyar wa?

Inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi. Wannan karin magana ya bayyana matsalar dashen dogon zango fiye da duk wani littafin tattalin arziki: mai wahala daban, mai morewa daban. Addini ya riga ya ba da amsa ta fuskar lada, tunda ingantaccen hadisi ya sanya abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi a cikin sadakarsa, kuma limamai suna faɗin haka a huɗuba. Amma wa'azi bai isa ya sa mai gonar aro ya dasa ɗorawa ba, domin ko ya so ba za a bar shi ba.

Dalilin yana cikin fiƙihu da al'ada gaba ɗaya. A Malikiyya, dasa itace yana cikin hanyoyin raya mataccen fili, wato hanyoyin mallakarsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum kan yadda ake keɓanta da irin wannan fili, Ta'alimur Radi. Saboda haka mai gona yana kallon dashen ɗan aro ko ɗan haya ko mai riƙe da jingina a matsayin hanyar ƙwace. Gonar gado da ba a raba ba ita ma haka: wa zai raini kaɗanya shekara 20 a fegin da bai san ko shi zai faɗo wa ba? Mata, waɗanda su ne masu kalwa da kaɗe da kuka, su suka fi kowa ƙarancin gonar kansu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye amana a hannun gwamna, ba ta kuma warware wa ɗan aro komai ba.

Malikiyyar da ta haifar da tsoron ita ce kuma ta tanadi mafita, sai dai mun bar ta a cikin littafi. Mugarasa yarjejeniya ce da mai fili zai ba wani ya dasa itatuwa ya raine su, in sun kai lokacin haihuwa a raba bisa kason da aka ambata tun farko. Malaman mazhaba irin su Ibn Juzayyi sun jera sharuɗɗanta: abin dasawa ya zama itace mai tabbatacciyar saiwa, ba shukar shekara ba, nau'o'in su kusanci juna a lokacin fara 'ya'ya, wa'adin kada ya wuce lokacin haihuwar, mai dashen ya sami kasonsa a itacen da kuma ƙasar da yake kai, kuma filin kada ya zama waƙafi. A lura da hikimar da ke ciki. Ba a biyan mai dashe don ya haƙa rami. Hakkinsa ba ya tabbata sai itacen ya rayu ya kai ga 'ya'ya, wanda shi ne ainihin ma'aunin da ayyukan gwamnati suka rasa. An daɗe ana raya gonakin zaitun da wannan tsari a Arewacin Afirka.

Sharaɗin kason ƙasa zai yi wa masu gona da yawa nauyi a inda fili ya yi ƙaranci, kamar kewayen Kano. Ya fi dacewa da fako da gonakin da suka mutu, waɗanda masu su suka riga suka fid da rai. Ga itatuwan da suka riga suka girma kuwa akwai musaƙa, inda mai itace ke ba wani ya kula da shi a raba 'ya'yan kawai, ƙasa ba ta shiga ciki. Ƙungiyar mata masu daddawa za ta iya ƙulla irin wannan da magadan da ke zaune a birni, waɗanda ɗorawar gonar ubansu ba ta da mai kallo sai mai gawayi. A rubuta a gaban dagaci da limami, a ambaci kowace bishiya da wurinta da kaurinta, a kuma sa sharaɗin cewa duk shekara za a bar wasu 'ya'yan su faɗi, a kewaye abin da ya tsiro da ƙaya har ya wuce bakin akuya.